Jinjina ga Matasan Birni Masu Raya Tsofaffin Kwamfutoci

Haƙiƙa, daga cikin ma'abota himma a birnin Kano, waɗanda ba safai ake ambatonsu ba, akwai matasan unguwanni irin su Madabo da Yakasai da Mandawari, waɗanda kan sayi kwamfuta ta hannu, wadda ƙarfinta ya gaza ɗaukar Windows, su share abin da ke cikinta, su ɗora mata Linux, tsarin da Linus Torvalds ya soma a 1991, sa'an nan su girka harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar shi ma a 1991.

Aiki ne mai bukatar haƙuri da tahƙiƙi, domin umarni ake rubutawa a baƙin allo harafi bayan harafi, kuma Python, saɓanin akasarin harsuna, yana hisabi har da tazarar farkon layi, ta yadda gurbi guda da ya kauce kan ɓata aikin yini, kamar yadda wasali guda kan sauya ma'ana a hannun mai kwafar littafi. Wanda ya rasa kwamfuta, sai ya buɗe manhajar Termux a wayarsa ya yi aikin a can, alhali wutar lantarki tana zuwa tana ɗaukewa.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne, tun da Python 3 ya fito a 2008 yana karɓar tsarin haruffa na Unicode kai tsaye, sai ga shi suna sarrafa rubutun Hausa da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsa, har da Ajami, ba tare da haruffan sun rikiɗe ba. Allah Ya ƙara musu basira.