Agogo da Burki: Nazarin Tseren Motocin Yara

Da zarar an ga hoton yaro ɗan shekara 8 sanye da hular kwano cikin doguwar mota mai siririn hanci, sai masu suka su ce iyaye sun sa ran ɗansu a caca saboda kofi. Mai faɗin haka bai zauna ya duba dokokin wasan ba. Tseren motoci na yara a miƙaƙƙen titi yana cikin wasanni ƙalilan da aka gina su a kan hana gudu ya wuce ƙima, kuma abin takaici ne yadda ake jefa shi a kwando ɗaya da gangancin samari a titunan gari.

A farkon shekarun 1990 Vinny Napp, mai filin tsere a Englishtown ta jihar New Jersey a Amurka, ya ƙera wa ɗansa mota rabin girman ta manya. A 1992 hukumar tseren motoci ta NHRA ta buɗe rukunin yara, da ƙaramin injin Briggs & Stratton mai ƙarfin doki 5, a kan tazarar mita 201. Daga nan Erica Enders ta taso, wadda ta ci kambun rukunin manya na Pro Stock sau 6.

Masu kare wasan sun fi son lissafa kayan kariya: kejin ƙarfe, bel mai ɗauri biyar, rigar da wuta ba ta saurin ci, abin tallafe wuya, igiyar da ke hana hannu fita waje. Duk suna da amfani, amma aikinsu yana farawa ne bayan abu ya ɓaci. Kariyar da ta fi su ita ce agogo. Kafin a tashi, kowane yaro yana rubuta a jikin motarsa lokacin da yake sa ran kammalawa. A ce ɗaya ya rubuta daƙiƙa 9.50, ɗayan 9.00. Fitilun tashi za su saki na farkon rabin daƙiƙa kafin na biyun, domin su iso layi tare. Wanda ya zabura kafin koriyar fitila, ja ta kama, ya faɗi. Wanda ya rubuta 9.00 kuma ya yi 8.98, ko da shi ya fara tsallaka layi, ya faɗi. Idan su biyun suka zarce, wanda zarcewarsa ta fi ƙanƙanta ne ya ci. A bisa wannan kuma akwai rufin shekaru: ɗan 8 zuwa 9 ba ya sauka ƙasa da 11.90, ɗan 10 zuwa 12 iyakarsa 8.90, ɗan 13 zuwa 17 kuwa 7.90 da gudun da bai wuce kilomita 137 a awa ba. Uban da ya zuba kuɗi ya ƙara wa injin ƙarfi bai sayo wa ɗansa nasara ba. Abin da ke ci shi ne natsuwa, da iya maimaita abu ɗaya ba ƙari ba ragi, kuma wannan tarbiyya ce da kowane direba yake bukata.

Akwai suka mai nauyi, kuma ba a kauce mata. Tsoron zarce lokaci yana sa wasu su riƙa waiwayen abokin karawa kusa da layi, su taka burki da ƙarfi a daidai inda mota ta fi gudu. Maganinsa a koya wa yaro ɗaga ƙafa daga totur, alƙalai kuma su hukunta burkin ganganci. Mafi nauyi shi ne an rasa rayuka. A Nuwamba 2017 wata yarinya 'yar shekara 8 ta rasu bayan motarta ta daki shingen kankare a filin Perth Motorplex na Yammacin Ostareliya, tana gwajin samun lasisi, har gwamnatin jihar ta dakatar da tseren yara. Zuciya ba ta jin wannan ta zauna daidai, kuma duk wanda ya ce ƙaddara ce kawai ya wuce, bai yi wa wasan adalci ba.

Amma a duba inda abin ya faru: bayan layin ƙarshe, wajen kwanar fita. Nan ne ikon agogo ya ƙare, kuma a ganina nan ne raunin wasan gaba ɗaya. An auna tashi da gudu har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, tsayuwa kuwa an bar ta ga hankalin ƙaramin yaro wanda jikinsa ke rawa da murna. Mahayin da ya saki doki a guje zuwa gaban sarki ranar hawa, a jan linzami ake gane gwanintarsa, kuma haka ya kamata a ɗauki burki a wannan wasa. Kada a ba yaro lasisi sai ya tsayar da mota cak a wurin da aka shata masa, sau da yawa, daga ƙaramin gudu zuwa babba. A hana shi shan kwanar fita da kansa. Ya miƙe har motar ta tsaya, babba ya zo ya ja ta. Kowane gefen kankare da ke fuskantar mota a bakin ƙofar fita a lulluɓe shi da abin da ke shanye ƙarfin karo. Kuma yaron da ya ci tsere amma ya wuce wurin tsayuwarsa, a ƙwace nasarar kamar yadda ake ƙwace ta wanda ya zarce lokacin da ya rubuta.