Jinjina ga Masu Kindirmo

Sai a 1857 Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke sa madara tsami, alhali matan Fulani sun daɗe suna kiwon halittun nan a ƙwarya. A tafasa madara, ta huce, a ɗiga mata tsohon nono, a rufe da faifai ta kwana. Cikin dare halittun suna cin sukarinta ba tare da oksijin ba. Ribarsu kaɗan ce, ATP (ma'ajin kuzari) 2 kacal daga kowane sukarin gulukos, inda ƙwayoyin jikinmu masu amfani da iska ke samun kusan 30. Tsamin da suka bari kuwa shi ke kama madarar, ya hana ta saurin lalacewa ko da bazara. Sannunku da aiki, iyayenmu. Masu saye kuma, don Allah a rage tayin wulaƙanci.