Kaɗaici da 'Yan Rakiya a Cikin Littafin Tracks na Robyn Davidson

Gabatarwa

Akwai wani rukuni na labaran tafiye-tafiye a adabin Turanci wanda jigonsa shi ne mace ta bar gida ita kaɗai, ta shiga daji ko hamada, ta dawo da sabuwar zuciya. Daga cikin fitattun littattafan wannan rukuni akwai Tracks na Robyn Davidson, wanda aka buga a 1980. Manufar wannan maƙala ita ce a auna da'awar kaɗaici da irin waɗannan littattafai suke kafuwa a kanta, a ga ko ta tabbata a cikin wannan littafi.

Labarin a Taƙaice

Davidson 'yar ƙasar Ostireliya ce, an haife ta a 1950. Ta isa garin Alice Springs a 1975, ta shafe kusan shekara biyu tana koyon sarrafa raƙuma. A 1977 ta tashi da raƙuma huɗu da karyarta, ta ratsa hamada har gaɓar Tekun Indiya, tafiyar kimanin kilomita 2,700 cikin wata tara.

Warwarar Jigo

Duk da sunan da ta yi na matar da ta ƙetare hamada ita kaɗai, mai karatu ba zai yi nisa ba sai ya tarar da hannayen mutane da yawa a cikin tafiyar. Na farko, sanin raƙumi. Ta koyi wani ɓangare nasa a wurin Sallay Mahomet, wanda ya gaji sana'ar daga Musulmin da suka shigo ƙasar da raƙuma tun ƙarni na 19. Na biyu, guzuri. Mujallar National Geographic ce ta biya kuɗin, bisa sharaɗin mai ɗaukar hotonta, Rick Smolan, ya riƙa riskarta a hanya. Na uku, sanin ƙasa. Wani dattijo na ƙabilar Pitjantjatjara, wanda take kira Eddie, ya raka ta makonni har garin Warburton, ta cikin wuraren da al'adar mutanensa ta killace.

A nan ƙarfin littafin yake, domin marubuciyar ba ta ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ta nuna takaicinta na karɓar kuɗin mujalla, tana ganin ta sayar da 'yancin da ta fito nema. Haka kuma a babin rakiyar Eddie ne hamadar ta daina zama fanko a idonta, ta koma ƙasa mai sunaye da hanyoyi da masu ita. Wato sauyin da ta samu ya zo ne a lokacin da ta yarda a yi mata jagora.

Inda Littafin Ya Gaza

Duk da haka, akwai giɓi. An yi tafiyar ne shekara guda bayan dokar 1976 da ta buɗe wa 'yan asalin Yankin Arewa hanyar neman ƙasashen kakanninsu, kuma Davidson ta fito fili ta la'anci wariyar da ta gani a Alice Springs. Amma ita da Eddie ba su jin harshen juna sosai, saboda haka abin da mai karatu ya samu shi ne fara'arsa da kamalarsa kamar yadda baƙuwa ta hango su. Ra'ayinsa game da ƙasarsa, da kuma game da baƙuwar da ke ratsa ta, bai shiga littafin ba. Ya zama maganin damuwar tauraruwa, alhali nasa labarin ya fi nata daɗewa a wurin.

Salo

Ta fuskar salo, Davidson mai kame baki ce. Mahaifiyarta ta kashe kanta tana 'yar shekara 11, amma ba ta mai da wannan dalilin tafiyar ba, sai a littafinta Unfinished Woman na 2023 ta fuskance shi sosai. Idan aka kwatanta da Wild na Cheryl Strayed, wanda ya fito a Amurka a 2012, sai a ga bambanci: can an ɗora tafiyar duka a kan mutuwar uwa, an shirya ta daga ciwo zuwa waraka. Tracks bai yi alkawarin waraka ba. Gab da ƙarshe ma karyar ta ci guba, ta harbe ta da hannunta, sannan 'yan jarida suka yi mata caa.

Kammalawa

Ga manazarci da malamin adabi, amfanin Tracks shi ne ya bayar da ma'aunin da za a gwada sauran littattafan rukunin da shi. A kowane ɗaya ya dace a tambaya: wa ya biya, wa ya nuna hanya, ƙasar wa aka taka, kuma an ji muryarsa? Davidson ta amsa tambayoyi uku na farko da gaskiya, ta huɗu kuwa tana nan ba a amsa ba.