Gwanayen da Ke Karanta Bangon Jijiya

Idan ungozoma ta yanke cibiya a Tsafe ko Bunguɗu, ragowar igiyar sai a binne ta tare da mabiyiya. A hannun wasu masana kuwa, wannan igiya taska ce. A 1973 Eric Jaffe da abokan aikinsa a Amurka suka nuna yadda ake ɗauraye cikin jijiyar cibiya da wani sinadari, a kwaso ƙwayoyin halittar da suka shafe bangonta, a raine su a faranti. Shafen falle ɗaya ne tak, amma shi ke sakar wa jini hanya ko ya matse ta.

Rainon sai mai haƙuri. Ɗumin ma'ajiyarsu ba ya barin digiri 37, ruwan abincinsu ana canza shi bayan kwana biyu ko uku, ƙwayar cuta guda ta isa ta rushe aikin wata. Gwani na leƙa madubin ƙara girma, da ya ga sun jeru kamar daɓen tsakuwa, ya san sun ƙoshi.

Daga nan sai babban aiki. Furotin ba kasafai yake aiki shi kaɗai ba, galibi yana riƙe da wani. Don a gane wa ke riƙe da wa, sai a fasa ƙwayoyin a kan ƙanƙara, kada zafi ya raba su. Sannan a jefa wani furotin na garkuwar jiki wanda ba ya kama kowa sai wanda aka aike shi. Kamar ƙugiya ce a rijiya: in ta cafko guga, igiyarsa ma sai ta biyo. Da irin wannan dabara aka ga cewa eNOS, furotin mai samar da iskar naitirik oksaid da ke sakin jijiya, yana ɗaure a hannun wani mai suna kabiyolin. Haka kuma aka gano a 1999 cewa gudun jini na sa a liƙa masa ɗan ɗigon fosfet a gurbi na 1177, sai ya ƙara himma. Nauyin ɗigon dalton 80 ne kacal, amma na'urar awo na iya gano shi.

Wannan ilimi ya shafe mu kai tsaye. A 1980 Robert Hebbel ya nuna cewa jinin mai sikila na manne wa bangon jijiya. In kuma jajayen ƙwayoyin jinin suka fashe, abin da ya zubo yakan shanye waccan iska, jijiya ta tsuke. Uwar da ta kwana tana danna ƙafar ɗanta mai sikila a asibitin tarayya na Gusau, ciwon da take lallashi yana da alaƙa da wannan.

Shi ya sa nake jinjina wa masu wannan aiki. Fatana ɗaliban kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Gusau su gaji wannan hannu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.