Maraɗin Alhazai da sauran Maraɗi

Duk ɗalibin da aka ce ya rubuta wani abu a kan Maraɗi, da wuya ya kauce wa littafin Emmanuel Grégoire, Les Alhazai de Maradi, wanda ya fito da Faransanci a 1986, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi a 1992. Littafin ya cancanci wannan matsayi. Ya bi diddigin yadda cinikin gyaɗa ya haifar da manyan fatake a ƙarƙashin kamfanonin Turawa, da yadda suka karkata ga safarar atamfa da taba sigari zuwa Najeriya bayan farin 1973 ya karya gyaɗar. Abin da ya fi burgewa shi ne bai auna alhaji da kuɗinsa kaɗai ba. Ya fahimci cewa arzikin mutane, wato yawan barori da masu cin tuwo a ƙofar gida, shi ne jarin ubangida na ainihi.

Sai dai littafi mai ƙarfi yakan rufe wa masu karatunsa ido. Marubucin daga kasuwa ya hango garin, kuma bai ɓoye haka ba. Laifin na waɗanda suka maida binciken rukuni ɗaya tarihin gari sukutum ne, har ya zama da an ambaci Maraɗi a jawabin biki ko a aji, sai a ce cibiyar kasuwanci, a wuce.

Alhali kuwa kafin fatauci ya yi suna, gudun hijira ne ya kafa wannan sarauta. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora wajen 1807 su ne suka zauna a kwarin Gulbi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, shi ya sa har yau sarautar fadar Sarkin Katsina ce. Tsibiri ma haka take. Gobirawan da suka rasa Alƙalawa a 1808, suka sake shan kaye a Gawakuke a 1836, su ne suka gina ta a zamanin Sarki Mayaƙi, tafiyar da ba ta kai ta hantsi ba daga Maraɗi. Fadoji biyu maƙwabta, kowace da nata masu zaɓen sarki, kowace da macen da ke riƙe da sha'anin bori, Iya a nan, Inna a can. Wannan ya isa darasin zango guda, amma yaron da ke shiga makarantar Ɗan Baskore kullum safiya ba lalle ba ne ya san ko wane ne mai sunan.

Akwai kuma 1945. A shekarar ne Gulbi ya cinye tsohon gari, aka tashi aka koma tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu irin na Nasara. Unguwanni kamar Bagalam da Ƴandaka da Limanci sun hau tudun da sunayensu, ganuwa kuwa ta zauna a kwari. Baƙon da ya zo neman tsohon birni irin na Damagaram yakan koma da cewa Maraɗi ba ta da kayan tarihi. Tana da su, amma a bakin maroƙa da tsofaffi suke, kuma bakunan nan suna raguwa.

Jiratawa ce aka fi yi wa rowar tawada. Sunanta yakan fito ne a rahotannin noman rani, saboda filin ban ruwa da aka shimfiɗa mata a farkon shekarun 1980, sai kuma zogalen da take cika kasuwa da shi. Manoman kwarin, waɗanda Katsinawan fada suka iske suna bautar gargajiya, Guy Nicolas ya yi dogon nazari a kansu, amma da Faransanci mai nauyin da ko malami sai ya jingina da ƙamus. Jikokin waɗanda aka yi rubutun a kansu su ne ke zaune a aji, kuma ƙungiyoyin al'adu sun fi kashe kuɗinsu a rawa da ɗinkin anko.