Polly Farmer, Gwanin Naushin Ƙwallo

A ƙwallon ƙafa irin ta Ostareliya, wadda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, ɗan wasa na iya kama ƙwallo da hannu, amma jefa ta laifi ne. In zai miƙa wa ɗan'uwansa ba da ƙafa ba, sai ya ɗora ta a tafin hannu ɗaya, ya dunƙule ɗayan ya naushe ta. A da, wanda aka rutsa da shi ne ke yin haka, don dai ya rabu da ƙaya. Graham Farmer, wanda ake kira Polly, shi ya mayar da wannan naushi makamin kai hari.

Aikinsa a fili shi ne tsalle. A zamaninsa, idan alƙalin wasa ya doka ƙwallo da ƙasa ta tashi sama, dogaye biyu ne ke kai mata hannu, kuma yawanci mari kawai suke yi mata ta faɗa inda ta ga dama. Farmer kuwa sai ya riga abokin karawarsa tashi, ya cafke ta da hannu biyu, yana sauka ya naushe ta can nesa, ta faɗa hannun wanda ya riga ya zura da gudu. A ƙungiyar Geelong, abokin wasansa Bill Goggin ne ya fi cin moriyar wannan saiti. Ba kuwa a banza Farmer ya same shi ba, domin yakan sauke gilashin mota rabi, ya ja da baya, ya dinga aika ƙwallo ta wannan 'yar kafa.

Abin mamaki, wannan mai tsalle ɗan ƙabilar Noongar ne da ya tashi a gidan renon yara na Sister Kate's a Perth, kuma cutar shan inna ta bar masa ƙafa ɗaya ba ta kai ɗaya tsawo ba. Duk da haka ya ci kofi uku da ƙungiyar East Perth, sannan ya ɗauki na 1963 da Geelong.

Da ya koma West Perth a matsayin kyaftin kuma koci, sun ci kofi a 1969 da 1971. Horar da Geelong daga 1973 zuwa 1975 bai yi masa armashi haka ba; gwani ba kullum yake iya zuba gwanintarsa a hannun wasu ba. Ya rasu a 2019, kuma akwai babban titi a Perth mai ɗauke da sunansa.