Makaɗiya da masaƙi: wa ke da bargon?

Duk mai sharhi kan bargunan Fulanin Masina, wato kaasa da arkilla, da masaƙi yake farawa, da shi kuma yake ƙarewa. Ana yaba ma maabuuɓe, zuriyar masaƙa, yadda suke haɗa ƙwaryoyin saƙa har adonsu ya dace, kai ka ce bargon faɗi guda ne. Yabon gwani ya zama dole. Amma wannan hukunci rabi ne, domin kafin ƙoshiya ta gilma, mace ta riga ta yi watanni da mazari a hannunta.

Gashin tumaki ba auduga ba ne. Makaɗiyar ƙasar Hausa takan gurje auduga, ta shiɓe ta da baka, ta shafa alli a yatsa, zare ya biyo ta. Shi kuwa gashin tumakin Masina yana da kaushi, tsawonsa bai daidaita ba, sai an tsince shi, an ware fari da baƙi. In murɗi ya yi yawa, bargo ya ƙage kamar tabarma; in ya gaza, zare ya tsinke. Ɗumin da makiyayi ke ji a daren hunturu, daga wannan awon yatsa yake fitowa, ba daga zanen da ke burge baƙo ba.

Saboda haka mai sharhi na gari ya kamata ya matso kusa, ya duba silin zaren. Ƴar ƙaramar saɓawar kauri da ake gani ba aibi ba ce, sa hannun makaɗiya ce, ita ke sa rini ya kama da duhu nan, da haske can. Zaren masana'anta sumul yake, launinsa ɗaya, ba ya faɗin kome.

Maganar ta shafe mu. A jihar Tilaberi, bakin kogin Isa, akwai tunkiyar Kundum mai gashi, wadda yawanta ke raguwa. Fari na 1973 da na 1984 sun yi ma garkunan Sahel ɓarna, zaren kanti kuma ya cika kasuwa. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, da aka kafa a 1959, ya ba masu sana'ar hannu wuri. Sai dai masaƙa tana iya ci gaba da ƙara alhali mazari ya yi shiru. Ranar da haka ta tabbata, za a ci gaba da sayar da bargo mai sunan kaasa, amma ba kaasa ba ne.